Na Raba Mijina da Kwalba, Na Haɗa Shi da Kwano

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ina roƙon ka sakaya sunana, domin abin da zan faɗa ba ni kaɗai ya shafa ba.

A lokacin da wannan abu ya faro, ni mace ce mai ji da kanta a harkar girki. Bakatsiniya ce ni, aure ya kawo ni Abuja, muna zaune a Kurudu da maigidana da 'ya'yanmu uku. Abincin biki da na suna nake yi, kuma ba yabon kai ba, idan na yi miyar taushe sai an tambayi wadda ta yi. Ban da girki, ina da zafin rai da saurin yanke hukunci. Mahaifiyata ta sha faɗa mini cewa bakina yana riga hankalina tashi daga barci. Shi kuwa maigidan Bazazzagi ne, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, dogo siriri mai shiru-shiru, irin mutanen da sai ka yi magana goma kafin su mayar maka da ɗaya.

Duk wanda ke zaune a ɓangarenmu ya san cunkoson motocin hanyar Nyanya idan an tashi daga aiki. Don gudun wannan cunkoso ne shi da abokan aikinsa suka fara tsayawa a wani lambun shaƙatawa, irin waɗanda ake gasa kifi, har hanya ta yi sauƙi. Daga kifi da lemo aka zarce zuwa giya. Ba ya buguwa, ban taɓa ganin ya yi tangaɗi ba. Kwalba ɗaya ce ko biyu, amma kullum. Abin da ya tona shi shi ne kanumfarin da ya tsiri taunawa, da kuma yadda ya daina ɗaukar autarmu idan ya shigo, sai ya wuce banɗaki kai tsaye. Ranar da na tsare shi bai musa ba. Ya zauna a bakin gado ya yi kuka kamar yaro, ya ce zai bari, ya roƙe ni abu guda: in rufa masa asiri, musamman kada maganar ta kai kunnen Hajiya, mahaifiyarsa. Na yi masa alkawari da bakina.

Kuma ya bari ɗin. Na ga wahalar da ya sha, hannu na rawa, barci ya ƙi, abu kaɗan ya hasala. Da ya ɗan dawo daidai ya gaya mini cewa lokacin da ya fi yi masa tsanani shi ne tsakanin la'asar da magariba, sai ya ji hannunsa yana neman abu mai sanyi ya riƙe. Ni kuwa na ce a raina in dai abu mai sanyi ne, ai an zo gidansa. Na cika firji da kunun aya mai dabino, da zoɓo da na zuba wa sukari ba tausayi, da fura da nono, da lemon kwalba katan-katan. Kafin ya tashi daga ofis zan kira shi in gaya masa abin da ke kan wuta, don kada motarsa ta yi sha'awar karkata wani wuri. Tuwon shinkafa da man shanu yana yawo a kan miya, farfesun kayan ciki, funkaso, waina, alkaki na bayan cin abinci. Da safe kuma in haɗa masa kula biyu ya tafi da su.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na mayar da kwanon abincinsa wurin rantsuwa. Idan ya cinye tas, na yarda daga ofis gida ya nufo. Idan ya rage, sai in haɗe rai in fara jefa magana, in ce ai wanda ya ci gasasshen kifi a hanya ba zai iya da tuwo ba. Sau ɗaya ya ce mini shi fa ya ƙoshi ne kawai, na kwana biyu ba na yi masa magana. Tun daga ranar bai sake rage ko loma ba. Da wasu abokan aikinsa suka fara fita motsa jiki ranar Asabar, ya sayo takalmi da ɗokinsa, na ce ba da ni ba, ai da haka aka fara wancan karon. Ko tattaki ya ce zai yi a unguwa bayan isha'i, sai in tambaye shi wa zai gani. Takalmin nan yana cikin kwalinsa har ɗanmu na fari ya girma ya gaje shi.

Jiki ya fara buɗewa. Wuya ya cika, tumbi ya fito, tela ya fara yi masa barkwanci cewa yadi ya daina isa. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, domin a idona kowane tudun nama shaida ce ta cewa na ci nasara. Idan muka je Zariya da sallah, Hajiya takan kama hannuna a gaban dangi ta ce wannan yarinya ta iya kiwo, ta karɓi ɗanta kamar sillen kara ta mayar da shi babban mutum. A ofis ma suka koma kiransa oga tun kafin a ƙara masa girma. Ba wanda ya ga laifi. Da ya fara haki idan ya hau bene, muka ce shekaru ne. Da ya koma yin sallah a kan kujera saboda gwiwa, muka ce sanyi ne. Munsharinsa kuwa har yaran suna kwaikwaya muna dariya.

Shekaru suka tafi a haka, sai ga yawan ƙishirwa, ga kasala, ga ƙafa tana kumbura. Muka je asibiti aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likitan, wani matashi, ya dubi takardun ya ce akwai ciwon sukari, jini ma ya hau, amma abin da ya fi damunsa hanta ce. Sai ya ɗago ya tambayi maigidan ko yana shan giya. Maigidan ya ce ya taɓa sha, amma ya bari da daɗewa. Likitan ya ce to, zai tura mu wurin ƙwararriya. Wallahi daga wannan tambayar ban sake jin komai ba. Hanta da giya, a iya sanina, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Tun a wurin ajiye motoci na fara. Na ce ashe duk shekarun nan wasa yake yi da hankalina, ina tsaye a gaban murhu ina ƙonewa shi yana can yana abin da ya saba. Ya rantse da Allah bai sake kai ta bakinsa ba. Na ce masa rantsuwar mashayi ai ba a kafa shaida da ita. Ya dube ni, ya tayar da mota, muka kama hanyar gida.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Muna isa na shige ɗaki na kira babban yayansa a Zariya. Na zazzage masa komai, tun daga lambun kifi har zuwa maganar likita, na ce su zo su ji da ɗan'uwansu, ni na gaji da rufa asiri. Yaya ya yi salati, ya ce in yi haƙuri zai san abin yi. Kafin la'asar magana ta kai ga Hajiya. Ta kira ɗanta, ina jin kukanta daga inda nake tsaye. Ta ce ita dai ba ta haifi mashayi ba, ta ce kada ya sake aiko mata da komai, ba za ta ci abin da ya fito daga hannun da ke riƙe kwalba ba. Mutumin da aka gaya wa yana da ciwo uku a rana ɗaya, da yamma kuma uwarsa ta juya masa baya. Ni kuwa a lokacin gani nake na yi jihadi.

Ranar ganin ƙwararriyar na bi shi, ba don tausayi ba, sai don in ji an tabbatar da maganata. Wata dattijuwa ce mai Hausa irin ta Abuja, tana ce wa maigidan ke, ni kuma ta ce mini kai. Ta duba sababbin gwaje-gwajen, ta auna nauyinsa da faɗin cikinsa, sannan ta tambayi abin da yake ci tun daga safe har dare. Nan fa na gyara zama, an zo fagena. Na shiga lissafi da alfahari, har da yadda nake haɗa kunun aya. Ina cikin magana na ga ta ajiye biro. Ta ce gwajin jininsa bai yi kama da na mai sha yanzu ba, ita ta yarda ya bari. Ta ce kitse ne ya lulluɓe hantar har ta fara tabo, kuma a hoto, hantar mai ƙiba da ta mashayi sukan yi kama, shi ya sa likitan farko ya yi tambayar. Shan da ya yi a baya ya riga ya raunana ta, barin da ya yi shi ne mafi alherin abin da ya taɓa yi wa jikinsa, kuma da an bar hantar ta huta da wataƙila ta farfaɗo. Sai aka sauke mata wani kaya aka ɗora mata wani.

Ban haƙura ba, na ce likita, yaya za a haɗa abincin halal da giya? Ta yi murmushi ta ce wannan bambancin na gaskiya ne, amma a wurin Allah yake da wurin malamai, ita hanta ba ta san halal da haram ba, nauyin da aka ɗora mata kawai ta sani. Ta ce kada in fita in ce likita ta ce gara giya, domin giyar kullum tana da nata ƙarin sharrin a ƙwaƙwalwa da hankali da zaman iyali. Amma ƙiba mai yawa ita ma tana bin hanta da zuciya da jijiyoyin jini, ga sukari, ga gwiwa, ga numfashi yana sarƙewa cikin barci. Ta ce abin da ya sa ƙiba take yi wa mutanenmu illa a ɓoye shi ne, mai sha kowa yana yi masa faɗa, mai ƙiba kuwa barka ake yi masa. Ina zaune ina jin ta, sai wata tambaya ta faɗo mini: a wane lokaci ma zai sha? Mutumin da na san fitarsa da shigarsa, wanda ko tattaki na hana shi.

A mota na kasa haɗa ido da shi. Na ce ya yafe mini. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce ya yafe. Can kuma ya ce akwai abin da bai taɓa gaya mini ba: shekara da shekaru rabonsa da ya ci abincina da yunwa. Yakan ƙoshi tun a rabin kwano, sauran yana tura shi ne don kada in zarge shi. Wani lokaci har sai ya ji kamar zai amayar, amma ya ga gara ciwon ciki da kallon da nake yi masa.

Na tafi Zariya ni kaɗai, na durƙusa gaban Hajiya na faɗa mata gaskiya, cewa ɗanta ya tuba tun tuni, kuma ciwon nan da hannuna a ciki. Ta saurare ni har na gama. Ta ce ta ji, ta kuma yafe masa, ta ci gaba da karɓar aikensa. Amma magana zarar bunu ce. Dangi sun riga sun ji, kuma mutumin da a da ake kira idan za a yi sulhu a gidansu, yanzu sai an gama ake sanar da shi. Yana shan magungunansa, nauyin yana sauka a hankali, muna fita tattaki tare da safe. Likita ta ce tabon da ya riga ya zauna ba lallai ya goge ba, sai dai a hana shi ƙaruwa.

Abin da na koya shi ne, laifi tudu ne, na taka nawa ina hango nasa. Na tsani kwalba har na kasa ganin abin da ludayina yake yi. 'Yan'uwana mata, tumbin miji ba shi ne shaidar iya aure ba, kuma idan mutum ya ce ya ƙoshi, a ɗauke kwano. Wanda ke sha kullum ya nemi taimako ya bari, kada ya fake da cewa ba ya buguwa. Wanda ba ya sha kuma kada ya ɗauka ya tsira don abin da ke gabansa halal ne, ya je a auna shi tun jiki bai fara ƙara ba. Sannan idan wani ya tuba ya ba ku amanar sirrinsa, kada fushin yini ɗaya ya sa ku sayar da shi. Har yau idan maigidana ya kira Hajiya suka gaisa, kafin ta ajiye waya sai ta tambaye shi ko ya yi sallah. Da can ba ta taɓa tambayarsa ba. Yakan amsa mata da ladabi, ya ajiye wayar, ni kuma ina gefe na san ni na sa mata wannan tambayar a baki.