Ranar da Lamba Bakwai Bai Tashi Ba

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya ɗauke wata ranar Lahadi da na zauna a shagona na ɗinki a Mayahi, ina kallon ƙanena a waya ya faɗi ƙasa bai tashi ba.

Shi ne autanmu. Karatu ya kai shi Faransa, can wata ƙungiya ta wani ƙaramin gari ta ga yadda yake gudu kamar zomo, ta ɗauke shi wasan rugubi, irin na mutum goma sha uku. Daga zaman benci ya fara, har ya kai ana biyansa albashi, daga baya wata ƙungiya da ta fi ta farko ta ɗauke shi. Lamba bakwai yake sawa. Shi ne mafi ƙanƙanta a filin, kuma ta hannunsa ƙwallo take bi: ya karɓa, ya duba, ya miƙa wa na kusa ko ya buga da ƙafa. Wato duk ƙartin ɗaya ɓangaren shi suke hari. Na sha ce masa, "Kai da ko kokawar yara ba ka taɓa ci ba, mi ya kai ka cikin bijimai?" Sai ya yi dariya ya ce su kama shi tukuna. Innarmu kuwa an ce mata balo yake bugawa, ta ɗauka irin ta 'yan unguwa ce, ba ta taɓa kallo ba.

Ranar, bayan azahar, na jingine wayar a jikin keken ɗinki ina kallo. Ya karɓi ƙwallo, ya hango 'yar kafa tsakanin mutum biyu, ya kutsa. Bai ga na ukun ba. Wani ƙato ya taho ta gefe ya sa masa kafaɗa a fuska, kansa ya bugi ƙasa, hannuwansa suka sandare a sama. Abin da ya fara tsinka mini zuciya shi ne wanda ya buge shi ɗin, shi ne ya riƙa ɗaga hannu yana kiran masu magani da ihu. Suka zo da gudu, suka ɗaure masa wuya, suka ɗora shi a kan wani abin ɗauka, suka lulluɓe shi. Ni dai a garinmu abu guda na sani ana ɗauka a lulluɓe, mutum huɗu na riƙe da shi. Daidai nan rezo ya yanke, hoton wayar ya tsaya cik.

Na kira wayarsa har na gaji, ba a ɗauka ba. Can sai ga kira daga abokinsa, wani yaron Tasawa da ke aiki a garin da yake.

"Yaya, ina wuni?"

"Bar gaisuwa! Mi ya hwaru?"

"Da sauƙi, Yaya, da sauƙi. Muna gidan likita. Ka ba ni lambar Kawu."

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ji wannan magana ya yi hamdala, ni kuwa na san abin da take nufi. A wurinmu ba a faɗa wa na jiki mutuwa kai tsaye. Ana ce masa da sauƙi, sannan a nemi babba a gaya masa gaskiya, shi kuma ya tattaro dattawa su taka zuwa gidan. Ranar da mahaifinmu ya rasu a asibitin Tasawa, da sauƙi aka ce mana, muka tafi da fura a kwano muka tarar an riga an rufe masa fuska. Na ba yaron lambar kawunmu, ƙanen Inna, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko.

Ban iya tafiya gida ba. Na yi la'asar a shago, ban san abin da na karanta a cikinta ba. Sannan na je na raɓe a bakin lungunmu ina jira, ina roƙon Allah kada in ga kowa. Ba a daɗe ba sai ga Kawu ya ɓullo, liman a damansa, mai unguwa a hagunsa, suna tafiya a hankali. Tsoro irin na ranar ban taɓa jinsa ba. Na bi bayansu kamar baƙo a gidanmu.

Inna tana tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ta ɗaga kai ta ga dattawa uku, ta gan ni a bayansu, ta ajiye faifan a hankali.

"Autana ne ko?"

Kawu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son tsari. Sai da ya zauna, ya gyara riga, ya yi gyaran murya. "Yaya, sai haƙuri. Wani abu ne ya samu yaron wurin wasa, amma da sauƙi."

"Haka kunka ce mani ran da Malam ya tahi," in ji ta. Ta ja mayafi ta rufe kai ta fara salati. Matan maƙwabta da suka ga shigar liman suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya, wata har ta fashe da kuka tun daga zaure. Ni kuwa ina tsaye ina tunanin inda za a aro tabarmi, da kuma wanda zai yi wa ƙanena wanka a ƙasar da ba mu da kowa.

Sai Kawu ya daka tsawa. "Kai! Wa ya ce maku ya mutu? Muƙamuƙi ne ya karye! Likita ne ya so magana da wani na gida mai jin faransanci kahin su yi mai aiki. Su Liman a masallaci na ba su labari, sunka ce bari su zo jaje."

Wallahi ban yarda ba, Inna ma haka. Na ce, "Kawu, in kana tausayinmu ka hwaɗi gaskiya, mu huta." Ya harare ni, ya zaro waya ya kira yaron Tasawa ta bidiyo. Sai ga wata fuska a kumbure, ido guda a rufe, wuya cikin ɗauri, baki ba ya buɗuwa. Inna ta daɗe tana dubawa.

"Ni ban san huskar nan ba," ta ce. "A gwada mani ƙahwarshi ta hagu."

Aka juya wayar, aka yaye zane. Ga babban yatsan nan a karkace, wanda jakinmu ya taka tun yana rarrafe.

"In kana jina, motsa shi," in ji Inna.

Yatsan ya motsa. Sai a lokacin Inna ta yi kuka, ni kuma na tsinci kaina zaune daɓas cikin waken da ban san lokacin da ya zube ba. Da ta share hawaye, ni ta fara juyowa a kai: "Wagga ita ce balon da kunka ce mani yana bugawa?"

Ƙanena ya warke, ya koma ya ƙara shekaru a ƙungiyar kafin ya ajiye wasa ya koma koyar da yara. Inna ba ta taɓa kallo ba har ya daina, sai dai duk ranar wasa ba ta cin abinci sai ya kira ta ji muryarsa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, lallashin da muke yi wa juna ya sa ko gaskiya muka faɗa ba a yarda. Tun daga nan, duk wanda aka aike ni wurinsa da labarin rashin lafiya ko hatsari, ba na zama, ba na gyaran murya, ba na tafiya da kowa. Tun daga bakin zaure nake ɗaga murya in ce, "Yana da rai!" Gaisuwa ta biyo baya.