Ɗakin da muka kama a gidan gona

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ina zaune a unguwar Levenshulme ta Manchester ni da 'yata, a wani ɗan gidan haya da ke saman shagon kayan miya a Stockport Road. Maigidana ya koma Kano tattara bayanan bincikensa. Da aka ba da hutun makaranta, ƙaramar hukuma ta soke shirin da ake tara yaran unguwa su yi wasa, sai yarinya ta riƙa wuni a taga tana kallon motoci. Yayata da ke unguwar Edgbaston a Birmingham ce ta kawo shawarar mu tafi wani tsibiri a yammacin Scotland mu sha iska.

Wurin kwana ne ya ba mu wuya. Akwai otal a garin da jirgin ruwa ke tsayawa, amma ƙasansa mashaya ce. Akwai filin kafa tanti a bakin teku, Yaya ta ce ita ba ta baro Fagge don ta kwana a tanti ba. Daga ƙarshe ta gano wata tsohuwa mai ba da hayar ɗakuna a gidan gonarta, can ƙauye a ƙarshen tsibirin, har da wurin da za mu yi girkinmu. Mijin Yaya likita ne, shi ya kamata ya tuƙa mu, amma ma'aikata sun yi ƙaranci a sashensu, bai samu hutu ba. Muka tafi mu uku, jirgin ƙasa sannan jirgin ruwa.

Tsohuwar da kanta ta ɗauko mu a motarta, don an rage zirga-zirgar bas ɗin ƙauyen. Tun a hanya gabana ke faɗuwa. Ba gida, ba mutum, sai duwatsu da tumaki. Na duba wayata, ba netwok. Amma matar ta karɓe mu hannu bibbiyu, ɗakin fes, sai na ɗan saki jiki.

Washegari yarinya ta wuni a rumbun busasshiyar ciyawa tana bin 'ya'yan kyanwa. Tana da asma, amma ta daɗe ba ta taso mata ba. Bayan azahar ta fara tari. Na ba ta inhaler, maganinta na shaƙa, ta ɗan lafa, tarin ya dawo. Kafin la'asar numfashinta ya koma kamar ana busa usur, maƙogwaronta yana lotsawa duk sanda ta ja iska.

"Umma, ƙirjina," ta ce. Ba ta iya ƙarasawa ba.

Yaya ta ruga ta kira tsohuwar daga garke. Matar ta dubi yarinya sau ɗaya, ta nufi wayar tarho da ke bangon falonta. Da ta ajiye, sai ta ce ɗan asibitin ƙauyen an rufe shi tuni, an haɗe shi da na gari, motar asibiti kuma tana can ɗaya gefen tsibirin.

"Masu motar asibitin sun ce mu taso, za su tare mu a hanya," in ji ta.

Muka shiga motar tsohuwar, na zauna a baya na rungume 'yata a zaune, ina danna mata inhaler yadda suka ce. Titin siriri ne, mota ɗaya yake ɗauka. Iska na jijjiga motar, ruwa na dukan gilashi. A wata kwana tumaki suka cika hanya. Yaya ta fita ba ko takalmi, tana kora su da mayafinta tana ihu. Ni kuwa na dubi leɓen yarinya na ga ya fara yin duhu. Na so in karanta Ayatul Kursiyyu, na fara, na rasa inda na tsaya, na sake farawa.

"Yaya, ba ta amsa ni!"

"Ki yi ta kiran ta, ƙanwata. Kada ki bari ta kwanta."

Ina ta kiran ta, ina shafa bayanta. Jikinta ya yi sanyi, ya jiƙe da gumi. Ban san tsawon tafiyar da muka yi a haka ba. A kan wata 'yar gada muka hango fitilu shuɗɗa suna tahowa. Mutum biyu suka fito, suka karɓe ta daga hannuna, suka ɗora mata abin shaƙar iska a fuska. Na bi su na shiga motarsu.

Allah ya taƙaita. Zuwa magariba tana magana, har tana neman abinci. Suka riƙe ta a asibitin garin sai da ƙirjinta ya washe. Tsohuwar ta kawo mana jakunkunanmu, ta ninke kayan tsaf, ta tsaya a bakin ƙofa tana ta ba mu haƙuri, alhali ba abin da ta yi mana sai alheri.

Daga asibitin muka wuce tashar jirgin ruwa. A Manchester muka rabu da Yaya, don jirginta na Birmingham ya riga ya tsaya. Duk kwanakin nan ban ga hawayenta ba. Ta durƙusa ta gyara wa yarinya maɓallin riga, sai kawai ta fashe da kuka, mutane na ratse mu da akwatunansu. Sai da ma'aikacin tashar ya yi mata magana sannan ta miƙe ta shiga.