Kalmar da Baba Ya Buɗe Mini

Yau ma na je wurin manajan sitonmu a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali neman fasfona da ya riƙe, ya ɗaga hannu ya ce, "Chill, habibi." Nan take na tuna da dattijon da muke kira Baba, mutumin Nijar da muka yi aikin lodi tare.

Faransanci ya karanta, don haka duk kalmar Turanci da samari suka yaɓa masa sai ya binciko asalinta. Yana da wani ɗan ƙamus a aljihu, duk ya jiƙe da gumi, yana warin man inji.

Ranar da aka fara faɗa mini kalmar ina neman fasfona ne don zuwa jana'izar mahaifiyata. Na same shi a inuwar kwantena, ƙarfen yana huci, na ce, "Baba, mene ne chill?"

Ya lashi yatsa ya buɗe shafi. "Samari na nufin kwantar da hankali. Amma asalinta sanyi ne, ɗana, irin na firji. Haka ake ajiye nama kada ya lalace, sai mai shi ya buƙace shi."

Na yi dariya don kada in yi kuka.

Da ya rasu bara, nasa fasfon yana cikin durowar manajan tare da nawa. Kwana da kwanaki gawarsa tana ɗakin sanyi ana jiran takardu, mu kuma ana ce mana mu yi haƙuri.

Ya Allah, bawanka ya sha sanyin mutane. Ka sanyaya makwancinsa da naka.