Habu Mai Karnuka da Barkonon Malam Idi

Shekara tara ke nan da rasuwar Sufeto Habu, wanda mutanen Daura suka fi sani da Habu Mai Karnuka. Abokina ne tun muna firamare. Da aiki ya dawo da shi gida yana horar da karnukan 'yan sanda, ni nake duba lafiyar dabbobin, kasancewata malamin dabbobi. Ba yabonsa na zo yi ba, don ya kai inda addu'a kaɗai ke isa. Abu guda nake so in rubuta tun ban manta yadda ya faru ba.

Aikinsa shi ne ya koya wa kare sansano kayan maye, tabar wiwi da ƙwayoyi, sannan ya koya wa ɗan sanda tafiya da karen. Wani fili aka ba shi a bayan gari, ta hanyar Kongolam. Da sassafe, kafin zafin rana ya kashe wa kare hanci, zai jera gwangwanaye: wannan da daddawa, wancan da busasshen kifi, wani da tsumma mai fetur, ɗaya kuma da abin da ake nema. In kare ya gano, ba ya haushi, ba ya tono. Zama kawai yake yi a gaban gwangwanin, sai a jefa masa ƙwallon roba. Ladan ke nan, kuma a kansa kare zai yi aiki har ya gaji.

Sunan Mai Karnuka ba na girmamawa ba ne. Akwai waɗanda in ya shigo sahu a masallacin unguwa sukan ɗan matsa, ko da yake kowa ya san yana da kayan aiki daban, na salla daban. Bai taɓa tanka musu ba. Abin da ya dame shi ɗalibansa ne. Yakan ce kare a 'yan watanni ya ƙware, mutum ne mai wuyar tanƙwarawa. Akwai wata karya mai suna Kyalla da ya fi ji da ita, yakan shafa kanta ya ce mini, “Malam Sani, karya ba ta ƙarya. Mai riƙe da igiyar ne abin tsoro.”

Cikin ɗalibansa babu kamar Kofur Nura wajen ƙwazo, shi aka haɗa da Kyalla. Ranar gwajinsu na ƙarshe aka fita da su kan titi kusa da Kongolam, su binciki motocin gaske. Ina wurin, domin ranar gwaji ana son malamin dabbobi a kusa. Ashe tun da safe wani ya raɗa wa Nura cewa akwai a-kori-kura mai ɗauke da barkono daga Baure, kuma ƙwaya ce a ƙarƙashin buhunan.

Da hantsi motar ta iso. Mai kayan wani magidanci ne, Malam Idi, mai karɓar barkonon manoman ƙauyensu yana kai musu kasuwa. Kyalla ta zagaya motar tana sansanawa, har ta nufi wucewa. Nura ya ɗan tsaya a bayan motar, ya naɗe igiyar a hannunsa. Ta ɗaga kai ta dubi fuskarsa, sannan ta zauna.

Aka sauke buhunan aka farke su ɗaya bayan ɗaya. Barkono ya baje a gefen titi, jama'a na atishawa suna kallo. Aka tsugunar da Malam Idi a ƙasa, hularsa a hannu, direbobi da 'yan acaɓa na wucewa suna nuna shi. Ba a sami ko ƙwaya ɗaya ba. Da la'asar aka ce ya kwashi kayansa ya tafi.

Labarin ya riga shi isa gida. A Baure ba a ce an bincika ba a sami komai ba, cewa aka yi kare ya zauna a motar Idi, kuma ruwa ba ya tsami banza. Manoman da ke ba shi amanar barkononsu suka koma wurin wani. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu shiga gidansa.

Habu ya ga hannun Nura a kan igiyar tun a titi. Washegari ya jera gwangwanaye, dukkansu babu komai a ciki, ya ce wa Nura kayan suna cikin na ƙarshe. Nura ya bi layin da Kyalla. Da suka kai na ƙarshen tafiyarsa ta sauya ba tare da ya sani ba, ita kuwa ta zauna. Habu ya kifar da gwangwanin a gabansa, wayam.

“Ranka ya daɗe, wallahi ban ja ta da gangan ba,” in ji Nura.

“Na sani,” in ji Habu. “Ba ta ji warin komai ba, zatonka ta ji. Ni kuma da na koya maka ban koya maka wannan ba.”

Ya sanar da manyansa. Suka ce an saki mutum, magana ta ƙare, kuma tona ta zai zubar da ƙimar karnukan. Ni ma ra'ayina ke nan a lokacin, har yau ban ce ba su da hujja ba. Amma ranar kasuwar Baure Habu ya sa kakinsa, ya ɗauki Nura, ya ce in raka su. Ya nemi izinin sarkin kasuwa, bayan azahar ya tsaya a rumfar masu barkono ya ɗaga murya. Ya ce shi ne mai horar da karen da ya zauna a motar Malam Idi, kuskuren daga horonsa ne, kuma mutumin nan ba a same shi da komai ba domin babu komai. Nura na gefensa, kansa a ƙasa. Malam Idi yana zaune a kan tabarmarsa, bai tashi ba. Abin da ya ce kawai, “Na ji.”

Abin ya jawo wa Habu asara. Aka ɗauke Habu daga filin horo aka ajiye shi a ofis na wani lokaci, ƙarin girman da yake jira ya tsallake shi. A tasha kuma masu sayar da ƙwaya suka sami abin dariya, duk wanda aka kama sai ya ce ai karen nan ya saba ƙarya. Da aka mayar da shi filin, ya sauya tsari: wani daban ne zai ɓoye kayan ya bar wurin, mai riƙe da kare bai san inda suke ba, shi kansa Habu bai sani ba. Bai kori Nura ba, maimaita horon ya sa shi daga farko.

Yau nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Ƙwaya ta yi yawa fiye da yadda ya bar ta, babura na bi da ita ta hanyoyin gonaki inda babu shinge balle kare. Wannan ba zai ba shi mamaki ba. Abin da nake jin zai tayar masa da hankali shi ne waya. Yanzu da an tsugunar da mutum a gefen titi, kafin a kwance buhun farko hotonsa ya kai Kano. Magana zarar bunu ce, an sani tun da, amma a lokacin Habu akwai kasuwa guda da mutum zai je ya tsaya ya gyara. Yanzu a wace rumfa zai tsaya?

Hawan jini ne ya kwantar da shi, bai daɗe yana jinya ba. Kyalla ta riga shi mutuwa. Filin horon an yanka shi an gina shaguna. Nura, na ji, yanzu shi ke horar da wasu a wata jiha, kuma ba ya yarda a faɗa wa mai kare abin da ake zargi kafin bincike. Wannan ya saura daga Habu. Ko ya rage ƙwaya a ƙasar Daura, ban sani ba, ba na kuma jin shi ma zai yi wannan iƙirarin.

Bara aikin rigakafin shanu ya kai ni Baure, na tarar da Malam Idi, ya tsufa, yana sayar da barkono a mudu, ba a buhu ba. Na tuna masa ko ni wane ne, na tambaye shi ko zuwan Habu ya amfane shi da wani abu. Ya daɗe yana kaɗe ƙura daga faifansa.

“A kasuwa bai dawo mini da kowa ba,” ya ce. “Har gobe akwai masu ce mini Idi na kare. Amma ran nan 'ya'yana maza suna bayan rumfar, sun ji da kunnensu. Tun daga ranar suka daina sunkuyar da kai in an ambaci sunana. Allah ya jiƙansa.”

Na ce amin.