Ranar da Kawu Ya Saurari Shafina

Shekarar da na gama karatun kwamfuta a Kalgo, wata ƙungiyar manoman shinkafa ta ba ni aikin gina mata shafin intanet. Na zuba hotuna, na zaɓi koren launi, duk wanda na nuna wa sai ya yaba. Wata Asabar na hau mota zuwa Gwandu don in nuna wa kawuna, ƙanen mahaifiyata.

Kawu tsohon malamin firamare ne. Ciwon ido ya makantar da shi bayan ya ajiye aiki, amma wayarsa tana karanta masa duk abin da yatsansa ya taɓa. Na iske shi a zaure yana ɓare gyaɗa. Na buɗe masa shafin, ya shiga jan yatsa, wayar tana ta maimaita abu ɗaya da Turanci: hoto, hoto, maɓalli, hoto.

Ya yi dariya har ya ture faifan gyaɗar. Ya ce, "Ɗiyata, mi ke cikin hotunan ga? Ko sirri ne?"

Kunya ta kama ni. Kowane hoto yana da gurbin da ake rubuta bayaninsa, wanda ido ba ya gani amma waya take karantawa. An koya mana wannan a aji, ni ce na tsallake.

Na ɗauko kwamfutata na zauna a gefen tabarmarsa. Na ce, "Kawu, na farko gona ce."

"Gonar mi? A ina? Shinkafar ta nuna, ko tana ɗanya?"

Sai da na sake kallon hoton da ni na ɗauka da hannuna. Fadama ce kusa da Wurogauri, shinkafa ta fara ja, mutum biyu sun sunkuya da lauje. Ya ce in rubuta hakan. A na biyu na yi ta zuba bayani, har launin hular manomi, sai ya tsayar da ni, ya ce ba tatsuniya ya zo ji ba, layi ɗaya ya isa.

Matar kawu ta kawo mana fura, ta tsaya sauraro. Da wayar ta fara karanta Hausata da bakin Bature, tana murguɗe sunan shinkafa, sai da ta dafa bango don dariya. Kawu kuwa ya saba, yana gane kome.

Bayan la'asar ya sa na rufe ido, ya ce in nemo wurin aika tambaya da kunne kaɗai. Na yi ta lalube ban samu ba, don maɓallan ba su da suna. Na koma Kalgo na yi kwana huɗu ina gyara su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Alhamis shugaban ƙungiyar ya kira ni, ya ce tambaya ta farko ta shigo ta shafin. Wani dattijo ne daga Gwandu yake neman shawara kan irin shinkafar da ya dace da gonarsa ta Dodoru. Da shugaban ya faɗi sunansa, sai na gane Kawu ne. Na kira Kawu ina murna, na tambaye shi wa ya taimaka masa.

Ya ce, "Babu kowa. Kuma na gaya wa abokaina biyu na masallaci, su ma ba su gani. Gobe za su gwada, ki bar wayarki a kunne."