Bular da na zuba wa kajin kafilina

Ni da na bar Maraɗi da sunan zan yi aikin gona a Riyad, sai ga ni da buroshin haƙori ina cuɗa ƙafar zakara. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake.

Shekara biyu ne bayan yaƙin Kuwait. Kafilina, wato Balaraben da ya ɗauko ni kuma yake riƙe da fasfona, yana da gidan gona a bayan gari, cike da kajin ado. Ba a cinsu, ba a cin ƙwansu, kallo kawai. Duk bayan 'yan makonni shi da abokansa su haɗu ran Alhamis, kowa ya jera kejinsa, dattawa uku su zagaya su faɗi wanda ya fi kyau. Manya da gemu, a kan kaza!

Wankan sai ran Talata, don gashin ya samu kwana biyu ya kwanta. Baho uku na ruwa mai ɗumi: na shamfun jarirai, na ɗauraya, na sake ɗauraya. In naɗe zakara cikin tawul kansa kawai a waje, in yanke masa farce, in busar da shi da na'urar busar da gashi, in shafa masa man zaitun a zanko da ƙafafu. Ɗakinsu da na'urar sanyi. Nawa ɗakin fanka ce mai kuka.

Ana cikin haka aka kawo mini kaset daga gida. Muryar ƙanwata ce: Baba ya kwanta, ba ya iya fita masallaci, kullum yana tambaya yaushe zan zo. Na samu kafili, wanda nake kira Ammi, wato kawu, na ce, "Ammi, mahaifina ba lafiya, a ba ni fasfo in je in dawo."

Ya nuna wani farin zakara da yake ji da shi. "Wannan ya ci ran Alhamis, ka tafi. Wallahi."

Matsalar, farin nasa ya ɗan dafe, kamar tsohuwar riga. Ran Juma'a na je unguwar Manfuha wajen wani ɗan Damagaram mai wanki da guga, na koka masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya miƙo mini ƙullin bula.

"Ɗan uwa, abin da ke fito da farar shadda ai zai fito da kaza. Kan cokali kaɗai, a ruwan ƙarshe. Ka wuce haka ka yi rini."

Na yi yadda ya ce. Zakara ya fito fari fat, har yana ɗaukar ido. Ya ci. Kafili ya rungume abokansa, ya sumbaci zakara a ka, ni ko kallo ban samu ba. Da safe na je da jakata a shirye.

"Ina za ka?" ya ce. "Hannunka akwai albarka. Na yi wa mutum huɗu alkawari za ka wanke musu nasu. Bayan wannan, in sha Allah."

Na ce, "Ammi, ka rantse."

"Bukra, bukra. Yalla, koma aiki."

Na san wannan goben tasu, ba ta zuwa. Wato da zakaran ya faɗi, da ya ce ban cika sharaɗi ba. Ya ci, kuma cin ne ya ɗaure ni. Na juya da jakata na koma aiki, don wanda ke riƙe da fasfonka ba ka ɗaga masa murya. Amma zuciyata ta riga ta yanke.

Talata ta zagayo, motoci suka sauke kaji goma sha ɗaya, duk farare, na manyan mutane. Na cika baho, na juye ƙullin bular gaba ɗaya, na dama da hannuna. Ɗaya bayan ɗaya na tsoma su, na bar kowace ta jiƙu sosai. Ban cuci ko ɗaya ba: na busar da su, na yanke farce, na shafa mai, na jera su a keji. Shuɗaye shar, har da zakaran gidan.

Zagin da na sha, rabinsa ma ban san ma'anarsa ba. Kafili ya jefe ni da takalmi. Ya ce zai buga mini takardar fita ta har abada, ba zan sake taka ƙasar ba. Na ce a raina, to buga mana, me kake jira? Takardar da ta gagara saboda mahaifina, kwana shida ta ɗauka saboda kaji.

Da na isa gida na tarar da Baba a kan tabarma, ya rame har na tsorata. Ya riƙe hannuna yana juyawa, ya ga shuɗin da bai gama fita daga gindin farcena ba.

"Ashe rini kake yi a can?" ya ce. "Madalla. Sana'a ce mai mutunci."

Na ce, "E, Baba."