Cikin da Delu Ba Ta Iya Taɓawa

A Kumbiya-Kumbiya, in ka ce Delu ungozoma ka gama kwatance. Tun shekarar samun 'yancin kai take yankan cibi, kuma tana da wata ɗabi'a da matan unguwa ke mata tsiya a kai: ba a binne mabiyiya sai ta shimfiɗa ta a ƙwarya ta murza da yatsu.

"Ita ce tukunyar yaro," in ji ta. "In ciki ya wuce lokaci tsufa take yi, sai ki ji kamar an zuba mata yashi. Daga nan yaro yunwa yake sha a ciki."

Sau uku ta taɓa irin wannan, sau ukun kuwa tare da jaririn aka binne.

To, ciki ɗaya ne duk faɗin Gombe hannunta ba ya iya taɓawa, na Khadijatu, 'yarta ta fari. Delu Bafulatana ce ta usul, ko sunan yarinyar ba ta taɓa kamawa ba, daga "ke" sai "waccan". Khadijatu ta zo gida goyon ciki, wata tara ya cika, mako biyu suka bi baya, shiru. Delu na satar kallonta, sai ta ga kamar cikin raguwa yake. Wallahi tsoro ya hana ta sakat. Amma ta tambaya? Ina! Ita ma yarinyar kunya ta ɗinke mata baki.

Ran Talata da hantsi Khadijatu ta dafa ciki ta yi tsam, ta daɗe a haka. Delu ta ajiye rariya, ta juya mata baya, ta yi magana da bango.

"Yana motsi?"

"Tun jiya sau biyu kacal, Inna."

A lokacin, kuɗin fetur ya kawo baƙin abubuwa gari, har da wani Likita Ernest mai na'urar hoton ciki. Delu ta sha yi masa ba'a, wai akwati ne zai koya mata aikinta. Amma ran nan da kanta ta fita titi ta tsayar da tasi.

Likitan ya shafa wa cikin mai, ya bi shi da na'urar, ya nuna wasu fararen ɗigo a allo.

"Mama, kin gani? Mabiyiya ta tsufa, ruwa ya yi ƙasa. Yanzu za a yi mata aiki."

Khadijatu ta fashe da kuka. Ita ba za a yanka ta ba, a bari mijinta Aƙilu ya dawo daga Bajoga jibi.

Jibi! Delu ta matsa, ta ɗora tafin hannu a kan cikin nan, a gaban likita da kowa. Can ta ji ɗan motsi, da ƙyar.

"Khadijatu."

Kukan ya tsaya cak. Shekara ashirin da biyu yarinyar ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba.

"Na ga an binne uku. Don Allah kar ki sa in ga na huɗu."

Khadijatu ta gyaɗa kai.

Delu ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin tiyata, ta kasa zama, har ta jiyo wani siririn kuka. Namiji ne, fata duk ta yamutse, ga zaƙo-zaƙon farce. Ba ta karɓe shi ba, kwano ta miƙa a ba ta mabiyiya. Ta murza, yashi ne zalla.

Da la'asar ta haƙa rami a bayan ɗakinta. Wannan karon mabiyiyar kaɗai ta binne.